Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Sarakunan Hausawa da Shugabannin Kasuwanninmu na Legas a Kan Gyambo da Maƙoƙo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, iyayenmu sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Obalende da sauran unguwanni, tare da shugabannin kasuwar Mile 12 da Alaba Rago da mayankar Oko-Oba. Allah ya ja zamaninku, ya ƙara muku lafiya da juriya a kan ɗawainiyar jama'a.

Ni 'yarku ce, a Agege aka haife ni, kuma na shafe shekaru masu yawa ina aikin jinya a wannan gari. Saboda ina jin Hausa da Yarbanci da Turanci, duk lokacin da aka kawo mara lafiya daga cikin mutanenmu wanda ba ya jin yaren likita, ni ake nema in tsaya tsakani. A wannan tsayuwa na daɗe ina ganin cututtuka biyu da suke cin mutanenmu a ɓoye, ɗaya a ƙarƙashin wando, ɗaya a ƙarƙashin hijabi. Na farko shi ne kumburin jijiyoyin ƙafa wanda yake ƙarewa da gyambo, na biyu kuma ƙullutun wuya da muke kira maƙoƙo. Dukansu yanzu akwai hanyar magance su ba tare da an yanka mutum ba, amma hanyar tana da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ya sa na ga ya wajaba in kawo kukana gabanku.

Bari in fara da wani dattijo mai shayi da na riƙa wanke wa ƙafa tsawon watanni. Tun kafin kiran assalatu yake hura wuta, yana tsaye a bayan teburinsa har hantsi, sannan ya dawo bayan magariba ya sake tsayawa har dare ya raba, kuma ya ce mini ya fi shekara talatin a haka. Ranar da ya fara kwance tsumman da ya ɗaure ƙafarsa da shi, na ga rami a saman idon sawunsa ta ciki, faɗinsa ya kai bakin kofin shayi, yana tsattsafo da ruwa, fatar da ke kewaye ta yi baƙi ƙirin ta bushe kamar ƙirgi, jijiyoyin ƙaurinsa kuma sun fito sun murɗe kamar igiyar guga. Shekara uku ke nan yana fama. Ya yi imani wani abu ya taka a hanya, don haka kuɗinsa duk sun tafi wajen neman karya abin da aka yi masa. Na ce, "Baba, me ya hana ka zuwa asibiti tun farko?" Ya dube ni ya ce, "'Yata, in suka kwantar da ni, wa zai hura wutar?"

Ban iya ba shi amsa a ranar ba, domin tambayarsa gaskiya ce. Amma ciwon nasa ba wani abu ya taka ba, ba kuma jifa ba ne. Jinin da zuciya take turawa ƙafa sai ya hau ya koma, kuma hawan nan yana yi ne ta cikin jijiyoyi masu wasu 'yan ƙananan ƙofofi a ciki, waɗanda suke buɗewa sama kawai, su rufe idan jinin ya nemi gangarowa. Tsokar ƙauri ce take matsa jinin ya hau duk lokacin da mutum ya ɗaga ƙafa ya taka. Idan ƙofofin nan suka saki, musamman a doguwar jijiyar da ta taso daga idon sawu har gindin cinya, sai jinin ya riƙa komawa ƙasa yana taruwa, jijiyar ta buɗe ta murɗe, ƙafa ta yi nauyi da yamma, ta kumbura, ta yi ƙaiƙayi, fata ta sauya launi, a ƙarshe ta fashe ta ƙi warkewa. Gado yana da hannu a ciki, haka ma ƙiba da shekaru da yawan ɗaukar ciki, sai kuma doguwar tsayuwa wuri ɗaya wadda take tsananta shi. Ku dubi sana'o'in da suka riƙe mutanenmu a Legas: mai shayi, mai tsire, mahauci, maigadi, mai sayar da tumatir da tattasai, da matar da take tsaye a kan tukunyar abincin sayarwa tun safe. Kusan dukansu a tsaye suke neman abinci.

Aikin da aka saba yi a da shi ne a yi wa mutum allurar barci ko ta kashe rabin jiki, a tsaga gindin cinya, a ɗaure jijiyar, a zare ta, sannan ya yi makonni kafin ya koma bakin aiki. Wannan ne abin da Baba mai shayi yake gudu. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka fara wata hanya dabam, wato a rufe jijiyar daga ciki da zafi. Likita yana kallon jijiyar a na'urar sikanin, ya soka allura kusa da gwiwa, ya zura wani siririn bututu ya bi cikinta har kusa da gindin cinya, ya zagaye ta da ruwan kashe zafi wanda yake kuma kare fata da naman da ke kusa, sannan ya kunna na'urar yana janyo bututun a hankali. Zafin yana fitowa ne ko dai daga hasken leza ko daga igiyar rediyo. A wata na'ura da aka fi amfani da ita, ana gasa kowane santimita 7 na jijiyar a kan digiri 120 na tsawon daƙiƙa 20. Jijiyar ta tsuke ta rufe, jiki ya shanye ta sannu a hankali, jinin kuma ya bi manyan jijiyoyin can cikin tsoka, waɗanda dama su ne suke ɗaukar mafi yawansa. Mutum yana farke ana yi, galibi ba a wuce awa ɗaya, a saka masa safa mai matse ƙafa, a ce ya tashi ya taka, ya kwana a gidansa. Da yawa suna komawa aiki cikin 'yan kwanaki.

Wannan ba gwaji ba ne da ake yi a kan talaka. A shekarar 2013 hukumar NICE, wadda take tsara ƙa'idojin magani a Ingila, ta sanya wannan hanya a matsayin ta farko da za a ba mai wannan ciwo, idan ba ta dace da shi ba a yi masa allurar kumfa mai toshe jijiya, tiyata kuma ta zo a ƙarshe. A shekarar 2018 aka fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a Birtaniya a kan mutum 450 masu gyambon jijiya a asibitoci 20. An raba su gida biyu, duka ana ɗaure musu ƙafa da bandeji mai matsewa, amma wasu an rufe musu jijiyar da wuri, wasu an jinkirta. Matsakaicin lokacin warkewar waɗanda aka yi wa da wuri kwana 56 ne, na waɗanda aka jinkirta kuma kwana 82. Ga mai albashi bambancin kwana 26 ƙila ba wani abu ba ne. Ga mutumin da sai ya fita ya samo za a ɗora tukunya a gidansa, kuma ana jiran saƙonsa a Sakkwato ko Katsina ko Maraɗi, kusan wata guda ne na abincin iyali.

A nan ina roƙon ku ja hankalin iyayenmu wanzamai, waɗanda nake girmamawa domin sun yi wa al'umma hidima tun kafin a gina asibiti. Jijiyar da ta kumbura ba wurin tsaga ko ƙaho ba ce. Jinin da ke cikinta ba mataccen jini ba ne da za a zubar a huta, jini ne da nauyin tsayuwa ya danne, kuma idan aka huda ta yana iya yin tsartuwa har mutum ya galabaita, wurin kuma ya zama mafarin gyambo. Idan ta fashe da kanta, a kwantar da mutum, a ɗaga ƙafar sama da ƙirjinsa, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a kai shi asibiti. Haka kuma ba kowane gyambo ne na jijiya ba. Ciwon suga yana kawo shi, sikila tana kawo shi, toshewar hanyar da take kai jini ƙafa ma tana kawo shi, kuma wanda nasa na toshewa ne idan aka matse masa ƙafa da safa ko bandeji an ƙara masa ciwo. Sikanin da gwajin likita ne kaɗai suke rarrabewa.

Na zo kan maƙoƙo, wanda ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, domin ya fi kama mata nesa ba kusa ba. Wata baiwar Allah maƙwabciyarmu ta ja ni ɗaki a wani gidan suna, ta tura ƙofa, ta ɗage hijabinta. A gaban wuyanta akwai ƙullutu kamar lemon tsami, ta haɗiyi yawu na ga ya hau ya sauka. Ta ce, "Yaya, shekara biyu ke nan, ko maigidan bai lura ba." Na roƙe ta mu je a duba, ta ce ita ba za a sa mata wuƙa a wuya ba, ta ji an ce wata an yi mata muryarta ta tafi. Daga baya na samu labarin wani mai magani ya sayar mata da garin da ya ce zai narkar da shi, ta sha kwalba bayan kwalba. Sai bayan wasu shekaru huɗu ta zo da kanta, lokacin ba ta iya kwanciya rigingine saboda numfashi, sujada ma da ƙyar, ƙullutun ya cika wuya ya gangara bayan ƙashin ƙirji. A wannan matsayi babu zancen allura. Tiyatar da ta guda ita aka yi mata, aka cire halittar wuyan da ta kumbura gaba ɗaya. Alhamdulillahi ta tashi lafiya da muryarta, amma yanzu kullum da safe sai ta sha ƙwaya, kuma haka za ta yi iya rayuwarta. Har yau idan na tuna ranar sunan nan nakan ji ciwo a raina, domin girman da ƙullutun yake da shi a lokacin irin wanda ake iya dubawa ne a ga ko allura za ta wadatar.

Halittar da take kumbura ɗin, wadda likitoci suke kira tayirod, tana gaban maƙogwaro, kuma ita take samar da sinadarin da yake daidaita bugun zuciya da zafin jiki da yadda jiki yake sarrafa abinci. Ƙarancin sinadarin aidin a abinci yana sa ta kumbura, shi ya sa tun farkon shekarun 1990 Najeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin ci, kuma hakan ya rage cutar sosai. Amma ƙullutu yana fitowa ko da mutum yana cin gishiri mai aidin, kuma mafi yawansu, kimanin tara cikin goma, ba ciwon daji ba ne. Wanda yake ƙarami bai dami mai shi ba, sa ido kawai yake bukata. Wanda ya fara danne maƙogwaro, ko ya hana haɗiya, ko ya fito har mace ta daina shiga mutane, shi ne ake nema wa magani. Tiyata tana aiki, kuma likitocinmu sun ƙware a kanta, sai dai tana tafe da allurar barci da kwanciya asibiti da tabo a wuya, wanda a fatarmu ta baƙar fata wani lokaci yakan yi tudu ya kumbura. Akwai kuma haɗarin taɓa jijiyar murya ko 'yan ƙananan halittun da suke daidaita kalsiyam a jini.

Likitocin Italiya da na Koriya ta Kudu ne suka yi gaba wajen samo wata hanyar, tun shekarun 2000. Ana kashe zafin wurin, likita yana kallo a sikanin, ya soka siririyar allura cikin ƙullutun, bakinta yana fitar da zafi, yana matsar da ita kaɗan-kaɗan yana gasa shi sashe bayan sashe, ya bar lafiyayyen naman halittar yana aikinsa. Mara lafiya tana farke, likita yana yi mata magana tana amsawa, don ya tabbatar muryarta lafiya. Idan ƙullutun ruwa ne a ciki, sai a zuƙe ruwan a zuba sinadarin itanol ya manne bangonsa. Babu ɗinki, babu kwana a asibiti, kuma yawanci ba a bukatar shan ƙwaya daga baya. Ƙungiyar likitocin hoton tayirod ta Koriya ta fitar da ƙa'idojin aikin a 2012 ta sabunta su a 2017, ƙungiyar likitocin tayirod ta Turai ma ta fitar da nata a 2020.

Ina so in faɗi iyakar abin ƙarara, domin kada a ɗauki maganata a kai kasuwa a ce an samo maganin maƙoƙo na nan take. Ƙullutun ba ya ɓacewa a ranar. Yana motsewa ne cikin watanni, sau da yawa ya ragu da fiye da rabi cikin wata shida zuwa shekara, wani kuma yakan sake girma har a maimaita aikin, don haka dole a riƙa komawa ana dubawa. Kafin a taɓa shi kuma wajibi ne a gwada jini, a kuma tsotsi ɗan abin da ke cikinsa da allura a kai ɗakin gwaji a tabbatar ba daji ba ne, ƙa'idar Koriya ma ta nemi a yi wannan gwaji sau biyu a mafi yawan lokuta. Duk wanda ya ce zai ƙona ƙullutun wuya bai yi wannan gwaji ba, a guje shi, domin gasa abin da ba a san ko mene ne ba yana iya ɓoye cutar da ya kamata a cire. Aikin ƙafa ma yana da nasa haɗarin, kamar ƙunar fata ko daskarewar jini a babbar jijiya, ko da yake ba su cika faruwa ba a hannun gwani, kuma mai ciki ana jira sai ta haihu.

Ranku ya daɗe, ga sharaɗin da na ambata tun farko: wannan sauƙi rabon wanda ya zo da wuri ne, mu kuwa mutanenmu ba sa zuwa sai abu ya ci ƙarfinsu. Ba taurin kai ne kaɗai yake hana su ba. Akwai tsoron wuƙa, akwai rashin yare, akwai tsoron abin da za a ce a biya, akwai kuma wanda bai da kowa a garin nan da zai yi jinyarsa, a rumfar kasuwa ko a masallaci yake kwana. Idan likita ya yi magana suna iya yin shakka, amma idan sarki ko shugaban kasuwa ko liman ya ce a je a duba, za a je. Na ga haka da idona a lokutan rigakafin yara.

Abin da ya fi sauƙi kuma ya fi gaggawa shi ne dubawa. Na'urar sikanin ta zamani akwai wadda ake ɗauka a jaka. Idan shugabannin kasuwa suka nemi haɗin kan wani asibitin gwamnati aka sa rana, likita da ma'aikatan jinya za su iya duba ƙafafu da wuyan mutane masu yawa a wuni ɗaya, a ware masu bukatar safa da shawara kawai, a tura masu bukatar aiki inda ya dace. Kuɗin da ƙungiyoyin kasuwa suke tarawa don kai gawa gida ko taimakon wanda gobara ta shafa, ina ganin ba laifi ba ne a ware wani abu daga ciki don mai rai da ƙafarsa take ruɓewa.

Sai kuma maganar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya, wadda ku ne kuke da bakin kai ta Alausa, mazaunin gwamnatin Jihar Legas. Wasu asibitocin kuɗi a garin nan sun fara irin waɗannan ayyuka, amma kuɗinsu ba na ɗan dako ba ne. Legas tana da asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, a tsakiyar unguwar da mutanenmu suka daɗe a cikinta, tana da LASUTH a Ikeja, kuma kwalejin da take horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa tana Ijanikin. Ku roƙi Ma'aikatar Lafiya ta Jiha da shugabannin waɗannan asibitoci su ba wannan fanni muhimmanci wajen horar da likitoci da sayen na'urori da tabbatar da wutar lantarki, domin aikin da ake gamawa cikin awa ɗaya a sallami mutum yana rage wa asibiti cunkoson gado da layin tiyata. Ku nemi LASHMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha, ta rubuta sikanin ƙafa da na wuya da gwajin allura da waɗannan ayyuka ƙarara a cikin abubuwan da tsarin inshorarta na Ilera Eko yake biya, ta kuma fitar da bayanin da Hausa. A namu ɓangaren, tun 2022 dokar ƙasa ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, kuma da yawa daga cikin mutanenmu ba su yi rajista ba saboda suna ganin su baƙi ne masu komawa gida, alhali wasu sun yi shekara ashirin a nan. Idan kuka kafa teburin rajista a ofisoshin kasuwa, maganarku za ta fi nauyi a gaban hukuma.

Ina tsoron abu ɗaya, shi ne da zarar labari ya bazu cewa ana maganin maƙoƙo da jijiya ba tare da yanka ba, masu neman kuɗi za su buɗe shaguna su rataya allo. A sanar da jama'a cewa kowane asibitin kuɗi a Legas dole ne ya kasance da rajistar HEFAMAA, hukumar jiha mai sa ido a kan asibitoci, kowane likita kuma da lasisin hukumar likitoci ta ƙasa, kuma ba rashin kunya ba ne mara lafiya ya tambayi wanda zai yi masa aiki sau nawa ya taɓa yi, da kuma inda zai kai shi idan wani abu ya faru.

Ga masu gida da suke da yara a shago ko a bakin tukuba, a ajiye musu kujera, a bar su su riƙa takawa suna motsa ƙafa, in sun samu hutu su ɗora ta a kan buhu ko benci. Ga mazaje kuma, idan iyali ta ce tana jin abu ya tokare mata wuya, ko aka ga ta daina cire mayafi ko a cikin ɗaki, a tambaye ta da lallashi, a ba ta izini da kuɗin mota.

Baba mai shayi ya koma gida Arewa kafin mu kai ga yi masa sikanin, ƙafar tana ɗaure, ɗansa ne yanzu yake tsaye a bayan teburin. Ni da wasu abokan aikina masu jin Hausa a shirye muke mu zo duk kasuwa ko fadar da aka kira mu, ba tare da an biya mu ba. Abin da muke nema shi ne rana ɗaya da za a sanar a masallaci bayan sallar Juma'a, da ɗaki biyu masu ƙofa, ɗaya na maza ɗaya na mata, da wurin da za a jona na'ura.

Allah ya ƙara wa iyayenmu girma, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalamu alaikum.

'Yarku,
Ma'aikaciyar jinya,
Agege, Legas.